Malam Ilya, Ban Samu Na Ba Ka Haƙuri Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 19 ga Janairu, 2021, Allah Ya karɓi ran Farfesa Ding Wenrui a wani asibiti a nan Dubai, bayan kwana goma sha shida yana fama da korona. Shekarunsa sittin da takwas. Mu 'yan kasuwar unguwar Deira da sunan Malam Ilya muka san shi, sunan da mahaifinsa ya raɗa masa a masallacin ƙauyensu, can lardin Ningxia na ƙasar Sin.

Malam, a 2016 ka fara shigowa ofishina na aika kaya, ka yi sallama, ka ce, "Ina fatan ban katse muku hanzari ba." Duk muka ɗago kai muna neman Bahaushen da ya yi maganar. A jami'a a Beijing ka koyi Hausa, ka zo Kano da Zariya ka gyara ta. Ka taɓa hawa babbar mota daga Kano zuwa Agadas, kwana uku a kan buhunan albasa, don ka rubuta abin da idonka ya gani. Littattafan tafiye-tafiye huɗu ka wallafa da Sinanci. Na biyar ne ya kawo ka wurinmu, kana koyarwa a wata jami'a a nan, kana bin labarin fataken da ke zirga-zirga tsakanin Kano, Dubai da birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Duk Juma'a sai ka hau kwale-kwalen abra daga Bur Dubai ka tsallako Deira, mu yi salla tare, mu ci tuwo. Kafin a wanke hannu an kewaye ka da takardun da masana'antun Sin suka aiko, kana karantawa kana fassarawa. Ba ka taɓa sa sunan mutum a rubutunka ba sai ka tambaye shi. Ka ɓata wata guda kana neman Hajiya Wasila, mai sarin atamfa, don ka karanta mata layi uku da ka rubuta a kanta. Ta ce a cire ɗaya, ka cire.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A watan Afrilun 2020, an rufe unguwarmu saboda korona, ba shiga ba fita. Ƙanena Musbahu ya kira ni daga Guangzhou, ya ce mai gidan da suke haya ya fitar musu da kaya waje, wai baƙaƙen fata ne ke yaɗa cutar. Su huɗu ne, kwanansu biyu a bakin titi, otal biyar sun mayar da su. Ina cikin wannan hali ka kira ni don ka ji lafiyata. Na ce maka, "Malam, shekara nawa kana cin tuwonmu kana rubuta mu? Ga yadda mutanenka suka ɗauke mu. Khalas, shi ke nan, kada ka sake kirana."

Ka ce, "Halliru, a wane titi yake?"

Na faɗa maka sunan titin cikin fushi, na kashe wayar.

Washegari Musbahu ya ce wata mata ta zo ta kwashe su zuwa gidan da iyayenta suka bari. Na yi hamdala, ban tambayi yadda aka yi ta san da su ba. Ka kira ni sau biyu bayan haka, ban ɗauka ba. Da aka buɗe gari, ba ka ƙara tsallakowa Deira ba, ni kuma ban neme ka ba.

Sai a watan Nuwamba da Musbahu ya biyo ta Dubai zai wuce gida. Muna cin abinci ya ce, "Yaya, ka kai ni in gode wa malamin nan naka." Na ce wane malami? Ya dube ni da mamaki. Ashe matar tsohuwar ɗalibarka ce. Mutum tara ka kira a ranar, takwas suka ba ka uzuri, ita ce ta amsa. Maƙwabtanta sun daina gaisa da ita saboda wannan. Musbahu ya ɗauka ni na roƙe ka.

Kunya ta hana ni kai shi. Na ce masa kana da aiki da yawa. Na ce wa kaina zan je ni kaɗai ranar Juma'a, inshallah. Juma'a bakwai suka wuce. A ta takwas na ji an kwantar da kai, ba a barin kowa ya shiga. Na aika maka saƙon murya na minti huɗu. Ya shiga wayarka, amma har yau alamar ba ta nuna an saurara ba.

Mu shida aka bari muka yi maka salla, kowa da takunkumi, a nesa da juna. Mutumin da ya ratsa ƙasashe fiye da talatin, ba ko ɗaya daga cikin danginsa a bakin kabarinsa. 'Yarka Mariya ta kalla daga Yinchuan, can ƙasar Sin, ta wayata, na ɗaga mata ita har aka gama zuba ƙasa. Ta yi mini godiya da Turanci, ta ce na cika aboki. Wannan rubutun ne amsata, kuma zan nemi a fassara mata shi.

Malam, ban san ko ka yafe mini ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Ya Allah, ga bawanKa Ilyasu ya zo maKa a baƙon wuri. Kamar yadda ya nema wa bayinKa masauki ranar da aka rufe musu ƙofa, Ka ba shi masauki a Aljannar Firdausi. Ka haskaka kabarinsa, Ka yafe kurakuransa. Ka ba matarsa da Mariya da ɗalibansa haƙurin wannan rashi. Ni kuma Ka yafe mini haƙƙinsa da ke kaina. Amin.

Halliru Sulaiman Ɗambatta
Deira, Dubai