Ƙiryar da Ta So Zama Akushi

A gidanmu na Kurfi, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakarmu Iya Mairo, tun garwashin tuwo bai mutu ba. Jikoki muna da yawa, amma ni mutum ɗaya ne ya tsone mini ido: Habu, ɗan ƙanen babana, sa'ana. Tare muke zuwa rumfar wani tsohon masassaƙi a bakin kasuwa mu tsinto guntayen itace, tare muke feƙe su da tsohuwar wuƙa. Sai dai Allah ya yi wa Habu hannu. In ya sassaƙa cokali, kowa ya gani ya san cokali ne. In na yi nawa, sai an tambaye ni abin da nake nufi.

Koshiyar da Iya ke kwasar miya da ita, shi ya yi mata, kuma ba ta gajiya da nuna wa baƙi. "Maigidana ya yi mani," haka take cewa, irin wasan kaka da jika. Ranar da na kai mata tawa, ta jujjuya ta a hasken wuta ta ce, "Allah shi yi albarka. Ai ko na samu abin korar kaji." Kowa ya yi dariya. Ni kuwa ƙyashi ya cika mini ciki, na koma gefe na ba murhu baya.

Iya ta lura. Ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ga ta nan tafe, har da mai fushi."

Wai a wani daji akwai itatuwa biyu, ɗanya da ƙirya, maƙwabta. Masassaƙi kan sari ɗanya, da yake tana da laushi, ya fafe ta ya yi akushi, ya zana mata ado da ƙarfe mai zafi, ya shafe ta da man kaɗe har ta yi ƙyalli, a zuba wa baƙi tuwo a ciki. Ƙirya kuwa turmi ake yi da ita, kullum tana shan duka. Sai ta ce ita ma akushi take so. Masassaƙi ya ce, "Ke ba a nan ƙarfinki yake ba." Ta ƙi ji. Ya yi ta fama har bakin gizagonsa ya dakushe, ya fitar da akushin da mace biyu ba sa iya ɗagawa. Aka ja shi bayan ɗaki ana zuba wa awaki dusa, gidan kuma aka koma aron turmi.

"To mi ta ci, mi ta sha?" in ji Iya, tana kallona. "Ƙurunƙus, kowa ya nemi tabarmarsa."

Na gane da ni take, ban kuwa ji daɗi ba.

Shekaru suka tura. Na zama malamin makaranta a Dutsin-Ma, Habu ya zauna a Kurfi yana sassaƙa turame da allunan karatu. Da na yi ritaya sai tsohon ciwo ya tashi. Na sayi ƙananan ƙarafan sassaƙa, na zaɓi abin da na san Habu bai taɓa yi ba: zane mai tudu a kan katako, irin adon bangon gidajen da. Na samu busasshen katakon maɗaci, na yi wata da watanni ina tono dagi a jikinsa, na goge da samfefa har ya yi sumul, na ƙi banish, man ƙyalli na kanti, na shafa masa man kaɗe. Iya ta daɗe da rasuwa, ba wanda zan nuna wa sai Habu, don haka na ɗaure shi a bayan babur na nufi Kurfi. Ba don komai ba sai don in ji Habu ya ce wannan kam ya fi ƙarfinsa.

Habu ya shafa katakon da babban yatsa. "Malam, kai ka yi wannan? Tubarkalla. Ni ban taɓa gwadawa ba. Ara mani ƙarfen in gani."

Ya jawo wani guntun itace daga ƙarƙashin benci. Muna hira yana tambayar iyali, hannunsa na tafiya. Kafin a kira la'asar ya fitar da dagin da ya fi nawa tsabta, ya miƙo mini. "Haka ne, ko na ɓata?"

Na ce haka ne. Da furfurata, ƙyashin nan na bakin murhu ya sake dawo mini.

A hanyar komawa na yi ta juya tatsuniyar. Da ina ɗauka Iya cewa take in daina ƙyashi, kuma na sha tuhumar kaina da na kasa. Yanzu na lura ba ta taɓa cewa ƙirya ta yi laifi don ta ji haushi ba. Asararta ita ce gida ya rasa turmi. Ni ma aikin da Allah ya yi ni dominsa na yi shi a aji, kuma 'ya'yan Habu, da yake turo mini su Dutsin-Ma, duk a hannuna suka koyi karatu. Sassaƙa kuwa ina yinta don ina sonta. Amma katakon nan ban sake kai wa Habu irinsa ba, kuma ba na jin zan kai.