Na Goya Injin Zuciyar Malam

Yaya Hauwa, jiya bayan sallar asuba na ɗan kishingiɗa a kan darduma, barci ya ɗauke ni, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Ban faɗa wa kowa ba. Tun muna gaban allo Baba ya koya mana cewa ba a ba da mafarki sai ga mai ƙaunarka, shi ya sa na kawo miki.

Bari in fara gaya miki inda muke. Kin san ciwon zuciyar Malam. Magungunan da ya daɗe yana sha sun daina yi masa aiki. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ya tsaya yana haki, barci ma a zaune yake yi. Likitarsa ta zaunar da mu ta ce magani ya kai iyakarsa, saura na'ura. Akwai ƙarama kamar kwalin ashana da ake sawa a ƙarƙashin fatar ƙirji ta daidaita bugun zuciya, amma ta ce tasa ta wuce nan. Abin da ya rage wani ɗan inji ne da ake haɗawa da zuciyar, ya riƙa tura jini yana sauƙaƙa mata. Waya za ta fito ta cikinsa zuwa batir da zai riƙa ratayawa a jaka, dare da rana. Aikin babba ne, ba a garinmu ake yi ba, kuma ba ta ɓoye mana ba cewa wani yana tashi, wani ba ya tashi.

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ni da na ƙi injin ban-ruwa a lambuna, na ce jigo ya ishe ni, yanzu a ƙirjina za a dasa shi?"

Likitar ta ce, "Baba, ai jigon ne ya gaji."

Ya ce, "To 'yar nan, fetur yake sha ko kananzir?"

Da muka dawo gida dariyar ta ƙare. Ya ce mini, "Hajiya, ki yi mana istihara. Abin da kika gani shi zan bi." Na ce, "Malam, ƙirjinka ne fa." Ya ce, "Ƙirjina ne, amma ke za ki yi jinya." Likita kuwa a cikin makon nan take jiran amsa. Na yi istiharar, ga abin da ya biyo baya.

Na gan ni a fadama, a tsohon lambun Malam, amma an kewaye shi da bangon ɗakinmu, har da labulen ƙofa. Malam yana tsaye yana jan jigo. Gugan ya nutse ya fito, ruwa kaɗan ne a ciki, kafin ya kai kwalbati ya zube a ƙafafunsa. Inda yake tsaye ruwa ya kai masa gwiwa, fangalolin shukar da ke gabansa kuwa sun bushe sun tsattsage. Na kira shi bai waiwayo ba.

Sai kawai wata mata ta shigo da farin tufafin asibiti, amma tafiyarta ta marigayiya Inna ce. Tana rungume da wani abu naɗe a zane. Ba ta je wurin Malam ba, ni ta miƙa wa. Na buɗe na ga ɗan inji ne, da ɗumi a jikinsa kamar jaririn da aka fito da shi daga wanka. A kan zanen akwai rubutun ajami irin hannun Baba, sai dai tawadar ta jiƙe ta bazu, ban iya karanta ko kalma ɗaya ba. Na ce, "Inna, na wane ne?" Ta gyara mini ɗankwali ta wuce.

Sai kawai na ga na goya shi da majanyi. Wata igiya kamar cibiya ta fito daga goyon ta shiga rigar Malam. Muna tafiya a wata hanya mai yashi, shi a gaba, ni a baya. Yaya, tafiya yake yi irin ta da, wadda sai na yi sauri nake cim masa. Yana shan rake yana tofar da ɓawo. Na kama hannunsa na taɓa jijiyar, ban ji bugu ko ɗaya ba, sai wata siririyar ƙara a bayana kamar ta ƙudan zuma, ba ta tsayawa. Igiyar gajeriya ce. Da ya tsaya yin salla ya yi ruku'u, dole ni ma na sunkuya. Hadari ya taso, na cire mayafina na lulluɓe goyon, ruwa ya yi ta dukana. Ban ji nauyi ba, wannan kam na riƙe shi sosai, ban ji nauyi ba ko kaɗan.

Can sai wata murya ta yi magana, ba ta namiji ba, ba ta mace ba, a hankali kamar mai tambayar hanya. Ta ce, "In lokaci ya yi, ke za ki kashe shi?" Na waiga babu kowa. Na so in ce rai a hannun Allah yake, bakina ya ƙi buɗewa.

Sai kawai muka koma lambun. Ruwa yana gudu a kwalbati, yana shiga fangali ɗaya ya cika ya wuce na gaba, ƙasa tana sha har ana jin ƙamshinta. Albasa ta ɗago. Malam ya tsuguna yana buɗe wa ruwan hanya da hannu yana murmushi. Na bi ruwan da ido har fangali na ƙarshe a gindin bango. Shi wannan ba irin sauran ba ne. Dogo ne, an tara masa ƙasa ta yi tudu, babu tsiro a kansa, an jera tukwanen ƙasa a gefe. Ban gane ba ko kunyar dankali ce da aka yi ba a dasa ba tukuna, ko kuwa abin da kike tunani ne. Na matsa in duba, igiyar ta riƙe ni.

A nan na farka, rana ta riga ta fito, Malam yana tari a jingine da bango. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, an nuna miki wani abu?" Na ce bari in ɗora masa ruwan koko, na fita. Har yanzu bai sake tambaya ba, amma duk inda na gifta idonsa yana kaina.

Na san istihara ba lalle sai da mafarki ba, kuma na san zuciyata tana son in gan shi yana tafiyar nan da rake a hannu. Abin da nake tsoro ke nan, kada son raina ya yi mini fassara, in tura bawan Allah inda ba zai dawo ba, ko tsorona ya hana shi abin da Allah ya ajiye masa.

Don Allah Yaya, ki yi alwala ki natsu kafin ki ba ni amsa. Ruwan nan da ya isa tudun ƙarshe, shuka ya je shayarwa, ko irin wanda ake yayyafawa ne bayan an gama rufewa? Kuma ni me zan ce wa Malam?