Takardun Cikin Takalma

Dattijo ne ɗan Nijar, dogo, tabaransa ɗaure da zare. Ya durƙusa a bakin sitonmu na unguwar Sanyuanli a ƙasar Sin yana farke kwalayen da aka gama ɗaurewa. Motar kaya na jira, direba sai danna hon yake.

"Meyo! Babu!" in ji Basinen mai ɗaurin kaya.

Dattijon ya ce, "Akwai, lawban, maigida. Kai ka cusa su."

Ashe takardunsa aka dunƙule aka cusa cikin sababbin takalma don kada su lotse. Kwafin tsofaffin jaridun Faransa ne, rahoton kotu da wani marubucin ƙagaggun labarai ya rubuta fiye da ƙarni da ya wuce. Ina zaton dattijon malamin makaranta ne kafin fatauci ya ja shi.

Na ce, "Baba, mota za ta bar kayanka."

"Malam, rabi na karanta. Matar cikin rahoton tana gaban alƙali, ban san hukuncin ba."

Ya ci gaba da bin takalman ɗaya bayan ɗaya. Can ya zaro wata takarda, ya miƙar da ita a gwiwarsa, leɓensa na motsi.

Mota ta tashi, kwalayensa na ƙasa. Ko ɗagowa bai yi ba.