Wayar da Ta Kwana Tara a Hanya

Dutse, Talata

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida, ko shayi ban kurɓa ba, don Inna ta tsaya a kaina kamar mai karɓar haraji. Inna mahaifiyata ce, ta ba saba'in baya, kuma saura kwana goma sha biyu jirginsu ya tashi zuwa Makka. A wajen bita malami ya gaya musu alhaji ba ya tafiya da gaba a ciki. Ita kuwa gabarta guda ɗaya ce tak, amma sa'ata ce, tare aka haife mu.

"Audi, ka je ka nemo min Yaya Sule," in ji ta. "Ka tambaye shi dalili. In akwai, na yafe kafin in hau jirgi. In babu, to, mu haɗu a can."

Ga yadda abin yake. Mahaifina, Kofur Garba, ya rasu a yaƙin basasa ina ciki. Lokacin Inna tana goyon ciki a gidan yayanta, Kawu Sule, mai buga wayar tangaraho a tashar jirgin ƙasa ta Ringim. Shi ya karɓi wayar rasuwar da kunnensa, ya rubuta da hannunsa, ya dawo gida ya ci tuwo da ita bai ce uffan ba. Labari bai zo mata ba sai bayan kwana tara, alhali ta haife ni a rana ta shida. Takabar mai ciki kuwa da haihuwa take ƙarewa. Ke nan ko yini ɗaya ba ta yi wa mijinta takaba ba, kuma abin da ke cin ta ke nan har yau. Da ta tambaye shi, sai ya ce, "Aiki ne." Tun daga ranar ba ta ƙara taka gidansa ba.

Kada wani ya ce me ya hana in kira shi. Mutumin da ya shekara talatin yana buga waya, yau ko kyauta ka ba shi ta hannu ba zai karɓa ba.

A tasha na samu wata ƙaramar mota mai zuwa Gujungu, naira dubu biyu da ɗari biyar, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Ƙofata da igiya aka ɗaure ta.

"Direba, anya wannan za ta kai mu?"

"Alhaji, ai ta kai waɗanda suka fi ka tumbi."

Gaskiya ya faɗa. Shida da kwata muka ɗaga.

Shuwarin zuwa Gujungu

A Shuwarin muka tarar da shinge. Wani jami'i ya leƙo yana magana da 'yar rediyon da ke maƙale a kafaɗarsa, daga can wani yana amsa masa nan take. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya bugi rufin motar, muka wuce. Na ce a raina, ka ji zamani, yau mutum yana aika saƙo ta kafaɗa, ni kuwa na ubana sai da ya kwana tara a hanya.

Muka ratsa Kiyawa da Jahun, gero ya yi kai ko'ina, damina ta yi albarka. Sau biyu motar ta mutu, sau biyu direba ya fita ya tsotsi wani tiyo ya tofar, ta tashi. Takwas da minti ashirin muka sauka Gujungu. Na zauna wajen wata mai koko, na sha kofi biyu da ƙosan ɗari uku, na ɗora da soyayyen kifi ɗaya wanda likita ya hana ni. Likitan yana Dutse.

Taura zuwa Ringim

Daga Gujungu bas na shiga, naira dubu, tare da buhunan barkono da suka sa mu atishawa har Taura. Daga nan na fara lura da wasu tsofaffin turakun ƙarfe a gefen layin dogo, jefi-jefi, wasu sun sunkuya, wani ma har an ɗaure masa akuya. Waya kam babu ko taƙi. Sau nawa na bi hanyar nan ban taɓa kallonsu ba, sai yau da aka aiko ni.

Goma saura muka shiga Ringim. Ɗan acaba ya kai ni tsohuwar tasha, ɗari biyu. Da na tambayi Malam Sule mai waya, sai aka nuna min wani dattijo a gindin darbejiya yana fere rake, aka ce Baba Ilu ne, shi ne masinjan tashar a da. Muka gaisa, na faɗi ko ni wane ne. Ya ajiye wuƙa ya ƙare min kallo.

"Ikon Allah. Kai ne jaririn? Ka tsufa, yaro."

Ya ja ni zuwa wani ɗaki da ba shi da ƙyaure, jemagu sun gaje shi. Ya nuna inda teburin yake, da ramin da waya ke shigowa ta bango. Ya ce da yaƙi ya ɓarke, layin nan ya tashi daga na jirgi kawai, ya koma na hukuma. Saƙo ma layi yake bi kamar masu awo: na soja a gaba, na gwamnati ya bi, sannan na jirgi, na talaka can a ƙarshe in rana ta rage. Ta nan ake cewa a tanadi tarago kaza na shanu da hatsi don bakin daga, ta nan ake sanar da hakimai ranar ɗibar sababbin soja, ta nan kuma sunayen waɗanda suka kwanta dama ke dawowa.

"Kawunka ba ya rubuta komai sai ya gama ji," in ji shi. "Ƙarfen wayar yana ƙwas-ƙwas, shi ya rufe ido kamar mai sauraren wa'azi. Ya liƙe ambulan, ya miƙo min, ni kuma in hau keke. Ko ni ban san abin da nake ɗauke da shi ba, sai in na ji kuka a bayana."

"Baba, yanzu yana ina?"

"Garki, wajen 'yarsa Rabi. Ido ya tafi, amma bakin yana nan, ka shirya."

Na so in wuce a ranar, sai hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa har la'asar sakaliya. Na kwana gidan wani abokin aikina na da, aka yi min tuwon shinkafa da miyar taushe. Sauron Ringim kuwa, Allah ya isa.

Garki, Laraba

Bakwai daidai na samu mota, dubu ɗaya da ɗari biyar, muka yi awa ɗaya da 'yan mintoci saboda ruwa ya ci wani wuri sai da muka zagaya. Gidan bai yi wuyar samu ba. Rabi ta yi ta murna, ta kawo fura, ta kai ni zaure.

Kawu yana zaune a kan buzu, ya rame, yatsansa yana ƙwanƙwasa murfin kwano ba tare da ya sani ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Muryar Garba ce wannan. Audi, ita ta aiko ka, ko mutuwa ta yi?"

"Lafiyarta ƙalau, Kawu. Makka za ta. Ta ce in tambaye ka dalili."

"Sai yanzu? Shekara hamsin da ɗoriya tana shan ƙamshi, ko tsayawa ta ji ƙarshen magana ba ta yi ba. Halin uwarmu ta ɗauko."

Ya gyara zama. Ya ce da aka fara yaƙi, an tara su masu waya, kowa ya dafa Alƙur'ani cewa abin da ya ji a layi ba zai fita daga bakinsa ba, ko ga matarsa. Ba don mugunta ba ne. In mai waya ya saba kai labarin mutuwa gida, gobe labarin jirgin soja zai kai kasuwa. Wayar rasuwa kuma ba ta matar mamaci ba ce, ta hukuma ce: daga tasha sai ofishin hakimin ƙasar da soja ya fito, sai dagaci, sai liman, sai dangin uba, su ne za su zo su faɗa. Ƙauyen su babana yana can bayan Garki, ga damina, ga keke.

"Tsakanin teburina da ɗakin da take kwance taku hamsin ne," in ji shi. "Takardar nan ta bar ta a nan, ta tafi ta yi kwana tara, ta dawo. Ni na rubuta sunan Garba harafi bayan harafi. Abokina ne tun muna kamun fara, ni na haɗa su. Da na gama na buga musu cewa na karɓa, na ci gaba da na taragon gyaɗa."

Yatsan ya tsaya. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Can na ce, "To Kawu, abin da ke ranta takaba ce. Ta ce ka hana ta yi wa mijinta ko yini ɗaya."

"Wa ya ce ba ta yi ba? Rabi, ɗauko min gwangwanin nan na ƙarƙashin gado."

Ya lalubo ciki ya fito da wani ɗan tandun kwalli da ya bushe ya yi baƙi, da 'yan kunne na azurfa, da kwalbar turare wadda babu komai a ciki.

"A ranar na sace su. Na ce mata likitan reluwe ya hana mai tsohon ciki fita ƙofar gida da shaƙar turare. Na sa uwar Rabi ta jiƙa mata zannuwanta masu ado, kullum a ce ba su bushe ba, aka bar ta da wani tsohon saƙi. Mai lalle ta zo, na kore ta. Ta yi ta zagina a ciki, amma kwana shida ba kwalli, ba ƙamshi, ba fita, har ka faɗo. Na tambayi malamai ban kama suna ba, suka ce kwanakin takaba suna tafiya ko mace ba ta sani ba."

"Kawu, me ya hana ka gaya mata tun tuni?"

"Da farko tsoro nake kada ya zama na ci rabin rantsuwa. Daga baya kuma, to, ni ma ɗan uwar tamu ne."

Komawa

Ban tsaya cin abincin rana ba, duk da Rabi ta yi fushi. Sha ɗaya da rabi na kamo hanya, Ringim, Gujungu, na sake faɗawa hannun direban jiya, ƙofar tana nan da igiyarta. Biyar da minti goma na yi sallama a gida.

Inna tana tsakar gida tana ɗinke jakar guzuri. Na ajiye mata tandun da 'yan kunnen a kan tabarma. Ta ɗauka ta juya shi, ta shinshina.

"Ɓarawo," in ji ta. "Ni kuwa na zargi Ladi maƙwabciyarmu har ta koma ga Allah."

Na kwashe labari na gaya mata tun daga rantsuwa har mai lalle. Ba ta katse ni ba, abin da ban taɓa gani ba. Da na gama sai ta shiga lanƙwasa yatsu, ɗaya bayan ɗaya, ta cika hannu ta ƙara ɗaya. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Kwana shida. Ashe na yi wa Garba."

Ta ɗaure tandun a bakin zane, ta ce gobe in nemo shatar mota, mai ƙofa ta gaskiya, da ƙafarta za ta je Garki, kuma a biya kasuwa a saya wa Yaya turare.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baba Ilu da rakensa, da Rabi da furarta, da mai masaukina na Ringim. Direba ma na gode masa, ya ce za ta kai, ta kuwa kai.