Yabon da anka yi wa Hadiza

Laraba, cikin watan azumin tsofaffi. Shekara ashirin da shida ke nan ina jin haushin wani yabo.

Yau da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakin haihuwa na asibitin Malanville, ɗiyata Rabi na ciki tana naƙudar fari. Har masu kabu-kabu na bakin titi suna jin ihunta. Yayata Kande ta rufe fuska da gyale.

"Issufu, wannan ɗiya ta kunyata mu. Uwarta ko tari ba ta yi ba."

Gaskiya ta faɗa. Ranar haihuwar Rabi a ƙauyenmu Garou, matata Hadiza ta durƙusa tun safe tana cizon zane, mata na sa mata albarka saboda dauriya. Ni kuwa, mai takardun makaranta cike da akwati, ina waje ina jiran albishir, don namiji ba ya leƙa ɗakin. Tunda ba ta yi kuka ba, ba wanda ya ga dalilin neman mota.

Yau da anka bar ni na shiga, Rabi na rungume da jaririnta, murya duk ta dushe.

"Baba, ji na yi kamar bayana zai rabe biyu. Sai da na yi ta ihu sannan ungozoma ta dawo ta ga jinin da ke zubo mini. Na ba ku kunya ko?"

"Ƙwarai. A na biyu ki ƙara murya, a ji ki har Gaya, ƙetaren kogi."

Masu yabon dauriya, ga fili, ku faɗa mini ribarta. Har yau ana misali da Hadiza a Garou. Rabi ba ta san fuskarta ba. Kafin magaribar ranar da ta haife ta munka binne Hadiza.