Tsakuwa Biyu a Ƙoƙon Baba

Wata Litinin ce, a kakar da ya rage shekara guda Turawa su ba da mulki, Baba ya sa rigarsa ta sallah tun da asuba, ya naɗa rawani, ya ce yau zai je ya jefa ƙuri'a. Shekarata takwas ko tara. A gidan gona muke, mu kaɗai, tafiyar rabin yini daga gari, ana sussukar dawa, ni ce mai korar awaki daga masussuka.

Mai unguwa da kansa ya zo ya gaya masa saura kwana ashirin a yi zaɓe. Baba bai yi boko ba, amma mutum ne mai tsari. Ya tsinto tsakuwa ashirin a bakin rafi ya zuba a ƙoƙo, kullum in ya idar da sallar asuba sai ya cire ɗaya ya yar. To, tsakuwoyin nan sumul-sumul suke, irin na carafke. Rannan na kwashe su na haɗa da nawa, muka baje a gindin rumbu ni da ƙanwata Ladi. Da na ji takunsa sai na mayar a gurguje, ban ƙirga ba. Ashe biyu daga cikin nawa sun bi.

Ran Litinin ɗin nan, da magariba ya dawo, rawanin a hannu. Ya tarar an kwance rumfar zaɓe tun shekaranjiya, mahauta suna yi masa dariya. Ya zauna a kan buzu ya ce wa Inna, "Hajara, ashe tsufa ya kama ni, ashirin ma ta fi ƙarfina." Ina bayan zana ina ji, na riga na duba nawa na ga sun ragu. Na ja bakina na yi shiru.

Bayan damina muka kama hanyar gabas, ta Chadi da Sudan, har Allah Ya kawo mu Makka. Bai sake yarda da lissafinsa ba, ko kwanan wata sai ya tambayi Inna.

Yanzu ɗaliban Kano da ke haya a samanmu, nan unguwar Misfala, a jawwal, wato wayar hannu, suke karanto ranakun zaɓe, ta shugaban ƙasa daban, ta gwamnoni daban, ta ƙananan hukumomi kuma kowace jiha da tata, suna musun wanda hutunsa zai dace ya je gida. Jikata Salma, wadda ke rubuta mini wannan, cewa ta yi, "Ya sitti, kakata, ai yarinta ce, halas, ya wuce." Ba ta gane ba. Ni da ake kira in yi sulhu a unguwar nan don ba na rufe gaskiya, shekara goma sha biyar na yi da shi a garin nan, ina riƙe masa hannu a ɗawafi, ban buɗe baki ba. An binne shi yana zaton kuskurensa ne.