Ranar da Aka Zura Mai Unguwa a Rijiya

A ƙauyenmu, can gaba da Ƙarfi in ka bar titin Malumfashi, rijiya ɗaya muke sha, mu na cikin gari da Maguzawan bayan dutse. Kakanninmu da nasu ne suka haƙa ta tare. Duk bazara, in ruwa ya ja baya, sai a sa ranar yasa. Al'adarmu kuwa, kafin masu yasa su shiga, mai unguwa ne ake fara ɗaura wa igiya a ƙugu, a zura shi har ƙasa, ya ciko gugan laka na farko. Kowane gida ya kawo namiji ɗaya ya kama igiyar. Ba a tilasta wa kowa. Tun ina yarinya nake ganin haka, ban taɓa tambayar dalili ba.

Da mahaifinmu ya rasu, ƙanena aka naɗa mai unguwa a madadinsa. Ni na goye shi, na san halinsa: ba mugu ba ne, amma yana da saurin jin maganar mutane. A shekararsa ta farko zafi ya yi tsanani, ruwa ya ragu, matan gari suka yi ta kai ƙara. Sai ya kafa doka, wai matan bayan dutse kada su zura guga sai na cikin gari sun gama. Abin da ke saura a lokacin kuwa jan ruwa ne, ko jaki sai ya shinshina ya kau da kai.

Na same shi a zaure. Na ce, "Kai, wa ya ba ka rijiyar nan da kake rabonta?"

Ya ce, "Yaya, ni aka naɗa. Rawanin nan ba da kaina na ɗaura ba."

Na ce, "Na ji." Na tashi. Ba na maimaita magana.

Ranar yasa, da hantsi, gari ya taru. Mu mata muna gefe ƙarƙashin ɗorawa. Ƙanena ya tuɓe babbar riga, aka ɗaura masa igiya. Mazan gari suka jeru suka kama. Mutanen bayan dutse sun zo, ba wanda ya rage a gida, amma sai suka zauna a ƙasa bayan tsohonsu, wani dogon dattijo da ya riƙe wa mahaifinmu igiya tun kafin a yi mini aure. Ba su yi zagi ba, ba su ɗaga murya ba. Sun dai zauna.

Sai wani dattijon masallacinmu ya duba bayansa, ya ga rabin igiya kwance a ƙasa. Ya ce, "Ni ban taɓa zura mai unguwa da rabin gari ba." Ya saki. Na kusa da shi ya saki. Haka, ɗaya bayan ɗaya, har mai kantin magani, mutumin kudu haifaffen Funtua, wanda ba ya shiga rigimar kowa.

Ga mutum da rawani a ka, da igiya a ƙugu, ɗaya bakin igiyar yana cikin ƙura babu hannu ko ɗaya. Ba a tsige shi ba, ba wanda ya taɓa rawaninsa. Amma kowa a wurin ya san in ya kwance igiyar nan ya koma gida, gobe ko rigimar akuya ba za a kawo masa ba. Ina jin masu ilimi a rediyo suna gardamar inda mulki ya samo asali. Ni ban yi karatu ba. A ranar dai na ga nasa a ina yake, kuma ba a fadar da aka naɗa shi ba ne.

Ya dube ni. Na kau da ido.

Can sai ya taka, yana jan igiya a bayansa, ya je ya durƙusa gaban tsohon.

Tsohon ya ce, "Ɗan marigayi, lafiya?"

"Hannunku na zo roƙo, Baba."

"Hannunmu sai na cikin gari sun gama."

Wasu suka ƙyalƙyale da dariya. Ƙanena ya haɗiye ta. Ya ɗaga murya yadda mata za su ji, ya ce daga yau wadda ta riga zuwa ita za ta riga ɗiba, ko daga ina ta fito, kuma shi ne ya yi kuskure.

Tsohon ya miƙe yana kaɗe zaninsa. "To, taso. Amma ka yi ƙiba tun da aka naɗa ka. Ubanka bai wahalar da mu haka ba."

Tsohon ne ya kama gaba, a bakin rijiya, mutanensa na biye, sannan mazan gari. A nan tsoro ya kama ni sosai, don mutanen da ƙanena ya hana ruwa wata guda su ne mafi kusa da ransa. Aka fara zura shi, kansa ya ɓace. Na zuba wa hannuwan nan ido, ina kallon igiya tana wucewa a hankali, tafi bayan tafi, ba fizga ba sassautawa. Wurin ya yi tsit, sai kukan igiya a kan itace. Ban taɓa ganin jama'a sun riƙe abu da natsuwa irin wannan ba, kuma ba wanda ya umarce su.

Daga can ƙasa muryarsa ta taso: "Ku ja!"

Suka ja. Ya fito laka har gemu. Na kai masa ruwa a buta ya wanke fuska. Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Yaya, da na ɗaga kai sai igiya kawai nake gani. Ban san waye ke riƙe da ni ba."

Na ce, "Matsa, masu yasa za su shiga."